Naman Kaza Marar Wutsiya

Yayana Gado, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi wa matata Kulu ƙarya a kan abin da za ta sa a bakinta. Da ta kwanta, ya koma ya yi wa likita ƙarya a kan abin da ta ci. Tsakanin ƙaryar farko da kabarin Kulu kwana goma sha tara ne. Ni ba marubuci ba ne, aji uku na yi a elementare Baba ya cire ni ya sa ni jirgin kamun kifi. Amma wannan sai na rubuta shi ko da haruffan sun karkace, don duk mai shiga daji da ƙwarya a ƙarshen damina ya ji.

Mu mutanen gungu ne. A tsibiri anka haife ni, tsakiyar Kwara, ƙasa da Yelwa, inda muke noman albasa da rani, mu kama kifi sauran shekara. Naman kaza, wanda wasu ke ce wa lemar kwaɗi, abincinmu ne tun kakanni. Sai dai mu ba da kama munka san shi ba, da wuri munka san shi. Kowace mace tana da surinta wanda uwarta ko uwar mijinta ta nuna mata, ba ta faɗa wa kowa. Ruwan ƙarshe na sauka ta je da sassafe ta tarar ya fito kan surin. In ta ja shi a hankali sai ya fito da doguwar wutsiya wadda ta shiga har gidan gara. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce wutsiyar nan shaida ce. Abin da kake gani kullum ba ka tambayarsa.

Muna kuma da al'ada. Tukunyar farko ta shekara, matar da ta tsinto ita kaɗai ke ci, da hantsi. In ta kai la'asar cikinta bai motsa ba, gida ya ci da maraice. Miyagun naman kazan da munka sani a gungu ba su da haƙuri, kafin azahar sun kai mutum bayan gida, ya yi amai ya tashi. Shi ya sa la'asar ta ishe mu.

Da anka tare ruwa a Kainji anka kwashe mu zuwa tudu, cikin ɗakunan siminti masu rufi kamar bayan kunkuru. Surin Kulu, wanda Inna ta ba ta shekarar da ta tare, yanzu tarwaɗa ke kwana a kansa. Daji ga shi nan bayan gari, doka da kaɗanya da ɗorawa, amma ba mu san ko itace ɗaya da suna na kusa ba. Kamar a kai ka gidan baƙi a ce ka nemi inda suke aje gishiri.

Mutum ɗaya ne cikinmu ya riga mu hawa tudu. Gado ya yi shekara biyu yana lebura wurin share filin sabon garin. Ya dawo cikinmu da keke da agogon hannu da malafa irin ta masu safiyo. Kowa shi yake tambaya: wace hanya ke zuwa Wara, wane itace ke yin turmi, wane Bature ke jin Hausa. Yana da amsa kullum. Tun da munka taso ban taɓa jin ya ce ban sani ba.

A kakarmu ta biyu a tudu abin ya faru, an yanke gero, dawa ta fid da kai. Ni ina kan ruwa ranar. Abin da ya gudana a ƙofar masallaci daga baya na ji shi, a bakin mutum uku da ke zaune wurin. Kulu ta fito daga daji da ƙwarya cike da farin naman kaza, ta ga Gado cikin maza, ta durƙusa gefe.

Ta ce, “Yaya, duba mini wannan. Gindin doka na same shi, ba kan suri ba. Ƙasar ta yi tauri, da wuƙa na yanke. Na ja ɗaya ya katse, ban ga wutsiya ba.”

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, maza na kallonsa. Ya ce, “Na tudu ba ya wutsiya. Shekara biyu shi munka ci a barikin aiki. Ku mutanen gungu, komai sai kun ga irin na kakarku.”

Anka yi dariya. Ita ma ta yi, ta ɗauki ƙwaryarta.

Ta dafa rabi ta ci ita kaɗai da hantsi, yadda aka saba, ta shanya saura kan faifai bisa rumfa. La'asar ta yi lafiya lau. Na dawo da wata ƙatuwar tarwaɗa da ba ta sayu ba, ta tarbe ni tana cewa, “Uban Hajo, yau ka cuci miyata. Na samo naman kaza, Yaya Gado ya duba ya ce shi suke ci, ga shi ka zo da abin da ba ya kwana.” Na ce naman kaza ya jira gobe. Da mai sayen kifi ya yi mini tayin kirki ranar nan, da ni da Inna da yara uku duk mun ci.

Da asuba ta fara. Amai da gudawa tare, ba hutu, har abin da ke fita ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Kafin rana ta ɗaga idanunta sun faɗa, in ka tsunkuli fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. Munka shimfiɗa ta cikin jirgi, daga bakin ruwa munka samu motar albasa zuwa asibiti. Gado ya bi mu a keke, har na ji daɗi a raina na ce ɗan'uwa rabin jiki.

Lokacin yaƙi ne, komai ya yi wuya. Layin kati daban, layin ganin likita daban, benci ya cika, na shimfiɗa ta ƙasa gindin wani mangwaro ina kore mata ƙuda har bayan azahar. Wata nas Bagwariya ce ta wuce ta dawo, ta taɓa wuyanta, ta yi faɗa, ta sa anka ɗauke ta ba layi. Allah ya saka wa matar nan. Ita ta nemo kwalbar ƙarin ruwa inda anka ce babu, ta kuma ba Kulu zanenta na kanta da namu ya ɓaci.

Likitan Ba'indiye ne, da tafinta yake magana. Ya tambayi mi ta ci. Na faɗa. Ya ɗaga kai daga takarda ya ce a kawo masa saura, yana son ya gani da idonsa. Na miƙe, Gado ya dafa ni ya ce, “Zauna da matarka, Manu. Ni ke da keke.”

Sai washegari da hantsi ya dawo, da guda biyar cikin malafarsa, ɗanyu, da ƙasa a jikinsu. Ni na karɓa da hannuna. Na ce, “Yaya, nata ai an shanya.” Ya ce, “Awaki sun hau rumfa sun cinye. Na koma inda ta tsinto na ciro 'yan'uwansu.” Kowanne da wutsiya tsawon tafin hannuna. Ban ga wani abu ba, don irin wanda na sani ne tun ina yaro.

Likita ya juya su ya kira nas ɗin nan. Tana gani ta yi dariya ta ce a garinsu faɗa ake yi a kan wannan, in ba ma so a ba ta. Ta soya ta ci, washegari ta zo aiki tana waƙa. Likita ya ce to ba shi ba ne, ruwan tafki ne da muke sha, ya ga irin haka da yawa daga sababbin garuruwa. A rana ta uku amai ya tsaya. Kulu ta tashi zaune, ta nemi koko, ta tambayi wa ke yi wa Inna tuwo. Ana bukatar gado, anka ba mu ƙwayoyi anka sallame mu.

Ku riƙe wannan, ku masu karatu. Ranar nan ta uku ita ce mugunyar rana. Mun yi murna, mata sun shigo barka. Na tarar da awakina suna tuƙa lafiya lau, na ce lalle ba naman kaza ba ne. Na kama zakara na kai wa Gado na gode masa da wahalar keke. Ya karɓa.

Kwana biyu da dawowa Inna ta ce in fito da Kulu haske in dubi idonta, don ita nata idanun sun yi hazo, da hannu da hanci take sanin duniya. Farin idon Kulu ya koma rawaya. Fitsarinta kamar shayin da ya daɗe kan wuta. In na taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama sai ta janye. Ga barci da rana kamar an danne ta.

A mako na biyu na daina sanin abin da nake jinya. Kowa ya shigo da nasa. Ƙanwar Baba ta ce shawara ce, ta jiƙa saiwar rawaya muna ɗura mata safe da yamma, tana haɗiyewa tana dawowa da ita. Liman ya aiko da rubutu, shi kam bai ce komai ba sai Allah ya sawwaƙe, na gode masa da wannan. Kawu Tondi, wanda shi ke riƙe da tsafin gidan su Kulu tun a gungu, ya ce sun baro abin kakanni ƙarƙashin ruwa ba sallama, dole ya biyo jininsa, a kai baƙin bunsuru bakin tafki. Na kai. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho a baya don ya fid da mataccen jini. Tsaga shida ƙanana ya yi, jini ya ƙi tsayawa har yamma, muna dannawa da tsumma yana ɓullowa. Wanzamin da kansa ya tsorata, ya ce shekara talatin bai ga haka ba, ya ƙi karɓar ko goro.

Ni kuwa ina tsakiya. Likita ya ce ruwa ne, amma gari duka ruwan nan yake sha. In shawara ce, mi ya kawo amai na farko? In naman kaza ne, ga nas ta ci, ga awaki sun ci. Nakan zauna in zuba wa awakin nan ido ina jiran ɗaya ta faɗi. Har haushinsu na riƙa ji don sun ƙi mutuwa su ba ni amsa.

Ana haka wata safiya na je ɗibar itace bayan ɗaki, na ga wani abu kan ruɓaɓɓen kututture. Rawaya ne shar kamar gwaiduwar ƙwai, mai yauƙi, shimfiɗe kamar an zubar da koko, da jijiyoyi suna fita gefe-gefe. Na yi masa alama da gawayi don ban yarda da idona ba. Washegari ya tsallake alamar da kusan taƙi guda. Ba ƙafa, ba baki, ba kai, amma ya tafi. Kuma wajen ɗakin Kulu ya nufa.

Gado na kira, don shi ne masanin tudu. Ya tsaya kansa ya daɗe, sannan ya ce, “Jifa ne. Dubi launinsa ka dubi idonta. Ka manta ta yi cacar baki da tsohuwar nan?”

Ban manta ba. Akwai ƙauyen Kambari can bayan dajin, su ne 'yan ƙasa tun kafin a auna mana filaye a kan gonakinsu. Wata tsohuwarsu mai daddawa, ana ce mata Gwaggo Tani, ta taɓa tarar da Kulu na tsintar kaɗe gindin wata kaɗanya, ta ce ta uwarta ce. Sun yi 'yar magana, ba ta wuce nan ba. Amma da Gado ya faɗa, kafin azahar gari ya ɗauka. Ni ma na ɗauka, don na gaji da rashin mai laifi.

Inna kaɗai ta ƙi. Ta kira ni ta ce, “Manu, ni dai hancina bai yarda da tukunyar nan ba tun ranar. Ba ƙamshin na suri ba ne.”

Na ce, “Inna, likita ya gani. Nas ta ci.”

Ta ce, “Wanda anka kai mata ta ci.”

Na ce, “Mi kike nufi?”

Gado ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta ɗora masa magana. Ta ce, “Ban gani ba, ɗana. Ba ni da ido.”

A rana ta goma sha ɗaya Kulu ta kira ni da sunana. Shekara goma sha shida da aure ba ta taɓa ba. Ta ce, “Manu, ɗaure jirgin, ruwa na shigowa ɗaki.” Hannuwanta na rawa kamar tana kore kaji. Can ta dawo hayyacinta, ta dube ni sosai ta ce, “Ba shi da wutsiya fa. Yaya ya ce na tudu ba ya wutsiya.” Na ce, “Kulu, ni na riƙe su, kowanne da wutsiyarsa.” Ta ce, “To,” ta rufe ido. Na ɗauka cikin zancen ruwa da jirgi ne.

Na sayar da taruna da rabona na jirgi munka koma asibiti. Layin yana nan yadda na bar shi, amma wannan karon ba wanda ya ce mu jira, mai ba da kati ma ya kau da kai da ya ga fuskarta. Likita ya buɗe idonta, ya danna cikinta, ya ga tabon ƙaho da har yanzu ke tsatsa. Bai jira tafinta ba, ya faɗi kalma ɗaya da na sani tun elementare, wadda hedimasta ke faɗi kafin ya ɗauko bulala. Latti.

Tafinta ya ce hanta ce ta lalace. Ya ce likita na mamaki, don wannan tafiyar, amai, sannan sauƙi, sannan rawaya, tafiyar gubar wani naman kaza ce da ya karanta, amma abin da anka nuna masa ba shi ba ne. Sai na faɗi zancen wutsiya, ina jin kunya, na ce ƙila zafin ciwo ne ya sa ta faɗa. Likita ya aje alƙalami. Ya tambayi wa ya ɗauko. Na ce yayana. Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

Na ce a tambaye shi, da ya ga na gaskiyar, da ta tashi? Ba zan yi masa ƙarya ba, ga abin da ya ce: ba shi da allurar wannan guba, ba a nan ba, ba a ƙasarsu ba. Amma da bai sallame ta ba, da ya ci gaba da ƙarin ruwa, da ba a yi ƙaho ba, da ba a ɗura mata saiwa kan hantar da ke ciwo ba. Ya ce wasu na tashi, wasu ba sa tashi. Na ce ita fa? Ya ce bai sani ba.

Mako na ukun ba shi da labari mai yawa. Fitsari ya ragu, ya tsaya. Ƙafafu sunka kumbura. Ina jiƙa auduga ina shafa mata a leɓe, ina juya ta, nas ɗin nan na taya ni, ta daina waƙa in ta zo wajen gadonmu. Ranar ƙarshe bayan azahar Kulu ta buɗe ido ta ce, “Yara sun ci?” Na ce sun ci tuwo wurin Inna. Ta ce, “Ba shi ba. Na faifai.” Na ce ba su ci ba. Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ba ta ƙara magana ba.

Abin rawayan nan ya riga ya bushe ya yi baƙi tun muna asibiti. Daren sadakar uku anka yi ruwa, na ƙarshe a shekarar, da safe sai ga sabo ya fito kan kututturen. Mata sunka ce ya dawo neman na biyu. Samari sunka fara zancen zuwa ƙauyen Kambari da gora, Gado na cikinsu yana cewa a bi a hankali amma kada a bari. Ni ban jira kowa ba. Na sare ɓangaren itacen da abin a kansa, na ɗauka da adda a ɗaya hannun, na tafi ni kaɗai. Ban san abin da zan yi ba, har yau ban sani ba.

Na tarar da Gwaggo Tani na shanya kalwa. Na jefa itacen gabanta na ce, “Ga aikenki na dawo miki da shi.”

Ta duƙa ta duba. Ta sa yatsa ta lakato, ta shafa a bayan hannunta. Ta ce, “Wannan? Ɗan gungu, zo.” Ta kai ni bayan rumbunta, ga shi nan kan itacenta, ya fi nawa girma. Ta ce, “Kowace kaka yana fitowa kan ruɓaɓɓen itace. Yana rarrafe, in rana ta yi ya bushe ya zama ƙura. Ba ya ci, ba a cinsa, ba ya aike. In jifa ne to kaina na fara jifa.” Sannan ta dubi addata ta dubi fuskata ta ce, “Wa ya mutu?”

Na faɗa mata. Ta zauna kan turmi.

Ta ce, “Mai keke da malafa, ɗan'uwanka ne?”

Na ce yayana ne.

Ta ce ya zo mata da sassafe kusan mako uku da sunka wuce, yana haki, da busasshen naman kaza cikin faifai, ya ce ta duba masa. Tana gani ta ce ya nisanta shi da yara, wannan mai share gida ne, wa ya ci? Ya ce ba kowa, tambaya ce kawai. Ta ce in wani ya ci a gudu da shi asibiti a faɗi gaskiya, kada a yarda da sauƙin da zai zo. Ya ce ba wanda ya ci. Sannan ya roƙe ta na suri masu wutsiya guda biyar, wai matarsa na kwaɗayi. Ita ta ciro masa da hannunta. Faifan kuwa a gabanta ya juye shi cikin rami.

Na ce, “Awaki fa?”

Ta ce, “Waɗanne awaki?”

Ta ɗauki fartanya ta ce in biyo ta. Daji ya jiƙe da ruwan jiya, ganye ya fara zuba, ko'ina ƙamshin ƙasa. Gindin wata doka ta tsaya. Farare ne tas, kyawawa, sun fi na suri kyau. Ba ta yanka ba, tona ta yi ta ɗago shi da ƙasarsa. Ta ce, “Dubi gindi.” Ba wutsiya. Ƙullutu ne zaune cikin wata 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai da ya fashe. A wuyansa kuma ga zoben fata mai laushi yana rataye. Ta ce wanda ya yanka da wuƙa ya bar shaidar cikin ƙasa. Ta kai ni wani suri ta ciro na gaskiya, mai tsini a tsakiyar malafa, wutsiyarsa na biyo shi kamar ba za ta ƙare ba. Ta aza su biyun a tafina. Makaho ma ya bambanta su, in an taɓa nuna masa sau ɗaya.

A hanyar dawowa na riƙa nuna mata duk wanda na gani. Wani ja, wani baƙi, wani mai toho kan itace kamar kunne, wani ruwan ƙasa mai wutsiya 'yar gajera. Na kunnen ta ce ana ci. Sauran sau uku tana cewa, “Wannan ban san shi ba.” Matar da aka haifa cikin dajin nan, ta yi furfura cikinsa. Na ce ko mai wutsiyar? Ta ce, “Ko shi. Wanda uwata ba ta ci a gabana ba, ba na ci.”

To ga gargaɗina. Kada ku yanka, ku tona. Kada ku yarda da la'asar, wannan sai ya kwana yake magana. Kada ku yarda da rana ta uku. In likita ya ce a kawo abin da aka ci, ku je da ƙafarku ku ɗauko da hannunku, ko da za ku bar majinyaci shi kaɗai. In kun sauka baƙon wuri ku tambayi tsofaffin wurin, ko kuna gaba da su a kan gona.

Daga daji ban biya gida ba. Ƙofar masallaci na nufa, ana jiran la'asar, maza na zaune, samarin gora na gefe, Gado a tsakiya. Na aje naman kazan biyu kan tabarma gabansa, mai wutsiya da mai jaka.

Na ce, “Yaya, wanne kunka ci shekara biyu a bariki?”

Ya dube su bai taɓa ba. Wani dattijo cikin waɗanda sunka ji maganarsa da Kulu ya ce, “Gado, ana tambayarka.”

Ya ce, “Gari da wake muke ci a bariki.” Muryarsa ta yi ƙasa. “Manu, a gaban mutane ta tambaye ni. Da na ga ta kwanta kuma, tsoro ya kama ni. Na ce ai an sa mata ruwa, za ta tashi, ba wanda zai ji. Ƙaddara ce, ka yafe mini don Inna.”

Na ce, “Ba zan ce kai ka kashe ta ba. Likita bai sani ba, ni ma ba zan taɓa sani ba, kuma wannan rashin sanin kai ka ba ni shi, da shi zan kwana har in mutu. Ka bar ni ina gadin awaki. Ka ci zakarana. Ka nuna wa yaran nan ƙofar matar da ta faɗa maka gaskiya. Kulu ta ci ita kaɗai don kada 'ya'yanta su ci, da ranta ta gwada. Kai abin da anka nema wurinka kawai ka ce ban sani ba, ya fi ƙarfinka. Tsohuwar nan sau uku ta faɗa mini yau, ba abin da ya ragu a jikinta. Zan gaishe ka saboda Inna, in ka riga ni zan ɗauki makararka. Amma daga yau, Yaya, ko tafkin can ka nuna mini ka ce ruwa ne, sai na je na sa hannuna.”